Abdulmajid Mai Tsire da Takalmin Ƙanƙara

Duk wanda ya zauna a unguwar Al-Sih ta Madina ya san Abdulmajid ta hanya biyu: ko ya ci tsirensa, ko ya sha faɗansa a kan wuƙa. Mafi yawa sun haɗa biyun. A Madina aka haife shi, a Madina aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya daɗe a Sudan yana tsinkar auduga kafin ya samu ya haye teku, da ya yi hajji ya yi ziyara kuwa sai ya ce ba inda za shi. Abin da ya bar wa zuriyarsa bai wuce sana'ar nama ba, sai wani dutsen washi mai santsi wanda tsakiyarsa ta lotsa don aiki.

Gidan da aka haifi Abdulmajid an rushe shi tun lokacin da aka faɗaɗa Harami, wato Masallacin Annabi. Yanzu wurin marmara ne, baƙi na shimfiɗa darduma a kai. In ya raka wani baƙo daga Nijeriya ziyara yakan tsaya ya buga ƙafa ya ce nan ɗakin uwarsa yake, sannan ya wuce ba tare da ya jira a yi masa jaje ba. Shi ba mutumin zama a tuna baya ba ne. Da aka tashe su ya kwashi iyali da dutsen ya koma Al-Sih, ya kama ɗan shago a bakin titi, ya ci gaba da abin da ya iya.

Larabawa sairiyya suke kiran tsire, kuma da an idar da magariba sukan yi layi a ƙofar shagon har su tare wa mai gyaran waya na kusa hanya. Da yawa sun tambaye shi sirrin ƙuli-ƙulinsa da yajinsa. Yakan ce su daina wahalar da kansu, daɗin tsire a wuƙa yake. Naman da aka yanka da dakusasshiyar wuƙa an wulaƙanta shi tun kafin ya ga wuta, ko me aka barbaɗa masa ba zai huce ba. Shi kam yakan fere nama fale-fale har a hango hasken fitila ta cikinsa.

Da a shago abin ya tsaya, da ba wanda zai yi magana. Amma Abdulmajid in an gayyace shi walima, kafin ya taɓa abinci sai ya ɗauki wuƙar da aka ajiye wa kankana ya gwada bakinta da babban yatsa. In bai gamsu ba sai ya sa ta a aljihu, a gaban mai gida, ya ce a zo a karɓa gobe. Ya yi wa almakashin tela haka, ya yi wa fartanyar mai gadin masallaci. Matarsa Fatsuma ta gaji da yankewa, don haka ta ɓoye wata tsohuwar wuƙa a cikin buhun shinkafa, da ita take feraye dankali in ya fita. Mutum ne mai kyauta, mai zumunci, ba ya riƙe kowa a rai. Aibinsa ɗaya ne, bai yarda akwai ƙarfen da aka ƙera don ya zauna ba kaifi ba.

'Ya'yansa maza duk sun yi karatu sun kama aikin ofis, babu wanda ya gaji tukuba, shi kuma bai damu ba. Babban, Saif, yana Jidda da iyalinsa. Auta ce mace, Nadiya, wadda ta zo bayan an fitar da rai, kuma ita kaɗai ce a gidan take iya ce masa a'a ya yi dariya. Da Hausa yake mata magana, ita ta amsa da Larabci, sun saba a haka.

Tana ƙarama Saif ya kai ta wani katafaren kanti da ke da ɗan filin ƙanƙara, inda ake ba yara aron takalmi su zame su faɗi iyaye su ɗauki hoto. Sauran yaran suna manne da bango, ita kuwa ta shige tsakiya ta ƙi fitowa har aka kashe fitilu. Daga nan abu ya zama jiki. Da ta girma kaɗan aka ce akwai ƙungiyar 'yan mata a Jidda masu hokin ƙanƙara, wasan da ake bin wani ɗan baƙin faifai da sanduna ana ƙoƙarin cusa shi a raga. Sai ta riƙa hawa jirgin ƙasa kowane ƙarshen mako, ta sauka gidan Saif, ta yi horo ta dawo.

An zaci Abdulmajid zai hana. 'Yan'uwan Fatsuma har sun shirya masa hujjoji. Sai Nadiya ta nuna masa hotonta cikin kayan wasa, hular kwano mai raga a fuska, kafaɗu kamar na ɗan dambe, safar hannu har gwiwar hannu, ko farce ba a gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ai ya fi abaya rufe mutum, ya miƙa mata wayar. Maganar ta mutu a nan. Sau ɗaya ya bi ta Jidda don ya gani da idonsa, sanyin wurin ya shiga masa ƙashi, ya fito waje ya zauna a rana har aka tashi. Ya dawo da tari, ya ce ya gani ya isa. Kayan wasanta kuwa a gidan Saif suke zama, bai taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba.

A shekarar da za ta gama sakandare aka gayyaci ƙungiyarsu gasar matasa a Kuwait, inda 'yan mata daga ƙasashe daban-daban za su kara. Gasar ta 'yan ƙasa da shekara sha takwas ce, Nadiya kuwa watanni kaɗan suka rage mata ta cika. In ba ta buga wannan ba, ba za ta buga wata ba. Mai horar da su, wata Bajiddiya da ta koyi wasan a ƙasar waje wadda suke kira Kyaftin Ruƙayya, ta sa ta a sahun da zai fara shiga fili. Saif ya saya mata sabon takalmi, aka gasa shi ya bi siffar ƙafarta, aka kai shi wajen mai inji ya gyara ƙarfen. Ta yi makonni tana saba shi da ƙafa.

Fatsuma ce za ta raka ta, kuma Fatsuma ce ta ce ba 'yarta da za ta shiga ƙasar mutane da kaya masu warin gumi. Don haka a karon farko aka kawo babbar jakar Madina. Aka wanke abin da ke wankuwa, sauran aka baza a falo fanka na kaɗa su. Ranar tafiya da hantsi uwa da 'ya suka tafi Harami yin sallama, kamar yadda mutanen garin suka saba in za su yi nisa. Abdulmajid ya fito daga ɗaki zai wuce kasuwar nama, sai ya yi tuntuɓe da takalmin.

Ya ɗauka yana juyawa. Nauyinsa ya burge shi, ɗinkin ma ya burge shi. Ya zare 'yar rigar auduga da aka sa wa ƙarfen, sai babban yatsansa ya yi abin da ya saba ba tare da an aike shi ba. Ƙasan ƙarfen a shafe yake, da faɗi, mutum zai iya tsayar da shi a kan tebur. Ya gwada ɗayan, haka. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ashe duk shekarun nan a kan wannan abin yarinyar take fama, ba wanda ya ji tausayinta. Ga shi za ta tsaya gaban 'ya'yan ƙasashe, a ce wannan 'yar Abdulmajid ce ta Madina, da ƙarfen da ko tumatir ba zai yanka ba.

Abin da bai sani ba, kuma ba a Al-Sih zai ji shi ba, shi ne haka ake son ƙarfen. Faɗin nan da ya raina akwai ɗan kwari a tsakiyarsa wanda ido ba ya saurin gani, gefe da gefe kuma baki biyu ne, na ciki da na waje. Da su mai wasa ke karkata, da su yake birki. In aka mai da su baki ɗaya irin na wuƙa, ƙarfen sai ya nutse a ƙanƙara ya kafe, ƙafa ta tsaya jiki ya wuce.

Kasuwar nama ta jira ranar. Ya rufe kansa a bayan shago, ya fara da magagari don ƙarfen ya yi taurin kai, sannan ya jiƙa dutsen kakansa ya zauna. Bai taɓa yi wa wata wuƙa aiki da natsuwa irin wannan ba. Ya kwantar da gefe ɗaya, ya kwantar da ɗayan, har suka haɗu a tsakiya. Ya gwada a gashin hannunsa, gashin ya zube. Ya goge da tsumma, ya yi addu'a ya tofa, ya mayar da rigunan audugar, ya ajiye takalmin daidai inda ya same shi. Bai faɗa wa kowa ba. So yake ta taka fili ta ji bambanci, ta tsaya tana mamaki, sannan ta gane hannun wane ne. Da la'asar ya kai su tashar jirgin ƙasa yana ta fara'a, har Fatsuma ta tambaye shi ko murna yake za su bar masa gidan.

Kafin ranar wasan farko babu wanda ya sayi tsire bai ji labarin gasar ba. Amininsa Sharfuddeen, tsohon direban motar alhazai wanda iyayensa suka zo ta Chadi, shi ya iya waya, shi ya nemo inda ake nuna wasan. Bayan azahar, kafin a hura wuta, suka jera kujeru a ƙofar shago, aka jingina wayar da gwangwanin yaji. Tela ya zo, mai gyaran waya ya zo, har da wani mai harhaɗa magunguna ɗan Kano da ke wucewa. Ba wanda ya iya bin faifan da ido. Sai dai su ga 'yan mata sun yi gabas a guje, sun dawo yamma a guje, an yi ihu. Abdulmajid yana ta nuna wannan yana cewa ita ce, Sharfuddeen yana cewa ba ita ba ce.

Can aka haska bencin 'yan jira, sai ga Nadiya a ƙarshensa. Ba hular kwano, ba sanda, rigar sanyin ƙungiya ce a jikinta, ta harɗe hannu tana kallon fili. Har aka tashi ba ta motsa daga wurin ba.

Ya kira Fatsuma. Ta ce kyaftin ce ta ce ta huta. Ya ce a ba shi yarinyar, ta ce tana wanka. Wasa na biyu ma a benci ta yi shi, da ya kira aka ce tana barci. Fatsuma ba mai gajeriyar magana ba ce, amma a kwanakin nan daga lafiya lau sai sai an jima.

Abdulmajid bai sha wahalar neman dalili ba, don yana da shi a ajiye tun yana makarantar firamare, inda ya fara jin yara na kiransa takruni, wato baƙin mutum ɗan asalin Afirka, suna dariya. Ya duba 'yan matan da ke fili, ya duba wadda aka bari a benci, ya ce magana ta fito. An yi amfani da ita an samu gurbi, da aka zo inda kyamara take sai aka tuna da launinta. Irin wannan yana faruwa, kowa a wurin ya taɓa gani ko ya taɓa sha, shi ya sa ba wanda ya yi masa musu. Tela ya kawo labarin ɗan ƙanwarsa, Sharfuddeen ya kawo nasa. Kafin a fitar da ƙungiyar a wasa na uku, rabin Al-Sih sun san sunan Kyaftin Ruƙayya, kuma ba da alheri ba. Shi kam ya rantse sai ya faɗa mata abin da ba a taɓa faɗa mata ba.

Sai ga dama ta zo masa har gida, don an shirya ƙungiyar ta sauka a Madina 'yan matan su yi ziyara kafin su wuce Jidda. Ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya isa filin jirgi da wuri, ya tsaya gaban ƙofar fitowa yana maimaita maganarsa da Larabci mai kyau. Ya cika ya yi fam.

'Yan matan suka fito da manyan jakunkuna da dogayen sanduna, alhazai na kauce musu suna kallo. Nadiya ce ta ƙarshe. Tana dogara sandar asibiti, ƙafar dama a naɗe har ƙwauri, Fatsuma na tura mata kaya. Ganin haka bai sanyaya shi ba, ƙara masa wuta ya yi. Bai ko gaishe su ba ya nufi matar da ke riƙe da fasfo ɗin yara, ya ce shi ne uban Nadiya, yana so ya ji dalilin da aka hana 'yarsa wasa, da dalilin da aka dawo masa da ita a haka.

Kyaftin Ruƙayya ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe shi da girmamawa, ta ce ta ɗauka an sanar da shi. Ta ce tun ranar da suka sauka, a horon farko, Nadiya ta shiga fili da gudu kamar yadda ta saba, ta zo birki sai ƙafar ta kafe, idon sawu ya juya. Likita ya ce targaɗe ne mai tsanani, ba maganar wasa. Da aka cire takalmin aka duba, sai aka tarar an lalata ƙarfen gaba ɗaya.

"Ya ammi, a dutse ta goga shi, kamar wuƙar yanka," in ji ta. "Na tambaye ta wa ya taɓa mata takalmi, ta ce ita ce, wai ta ɗauka zai fi gudu. Yarinyar da ta shekara nawa tana wannan wasa. Wallahi na yi mata faɗa har na ji ba daɗi, don ita ce na fi dogara da ita."

Ta ɗan yi murmushin gajiya, ta ƙara da cewa mai gyaran takalma na can ya yanke a yatsa garin dubawa, ya kira abokan aikinsa su zo su ga kaifi. Har hoto suka ɗauka suna dariya.

Maganar da Abdulmajid ya shirya ta bi iska. Ya dubi Fatsuma, ta kau da kai tana gyara mayafi, sai ya gane ta sani tun ranar farko. Ba yadda za a yi macen da ta shekara talatin tana yankewa da wuƙaƙensa ta kasa gane aikinsa. Ya buɗe baki zai yi magana, don shi bai iya ajiye abu a ciki ba, sai ya ji an riƙe hannun rigarsa. Nadiya ce ta matso da sandarta. Ta riƙe shi gam, tana kallonsa ido cikin ido.

"Ni na yi, Yaba," ta ce. "Khalas, ya wuce."

'Yan matan duk sun tsaya suna kallo, wasu da iyayensu. Kyaftin ta roƙe shi kada ya ƙara mata wani faɗan a gida, ta ce kukan da ta sha ya isa. Abdulmajid, wanda bai taɓa barin maganar wani ta zama ta ƙarshe ba, ya sunkuyar da kai ya ce to. Ya yi mata godiya da ɗawainiya. Ya saɓa babbar jakar a kafaɗa, ko da yake ga keken turawa a gabansa, ya yi gaba.

A wurin ajiye motoci Nadiya ta kasa ɗaga ƙafar ta shiga. Ya durƙusa da farar jallabiyarsa a kan kwalta, ya tallabo ƙafar da hannu biyu ya sa mata a ciki, ya rufe ƙofa a hankali. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, da tausayin yarinyar da ya rasa inda zai sa shi. Ya zauna a gaban sitiyari bai kunna motar ba. Fatsuma na gefensa tana jan carbi. Ya dubi Nadiya ta madubi.

"Me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

Nadiya tana kallon waje, inda 'yan ƙungiyarsu ke loda sanduna a bas.

"Da dariya za su yi maka, Yaba," ta ce. "Ni kuwa faɗa kawai aka yi min."

Ya kunna mota. Suka fito daga filin jirgin suka hau babban titi, rana na dukan gilashi. Da suka zo inda ake karkatawa zuwa Al-Sih ya wuce bai lura ba. Fatsuma ta gani, Nadiya ma ta gani, ba wadda ta ce masa ya ɓata hanya.